Shuɗin kwando ya koma hannun kamfanoni: sharhi kan sabon tsarin kwashe shara a Ontariyo

Daga ranar 1 ga Janairun 2026, kwashe kwalaye da gwangwanaye da robobin da mazauna lardin Ontariyo na ƙasar Kanada ke ajiyewa a bakin titi ya tashi gaba ɗaya daga wuyan hukumomin birane, ya koma wuyan kamfanonin da ke sayar da kayan da aka ƙunso a cikin waɗannan mazubai. A matsayina na magidanci a Toronto, wanda ke tura shuɗin kwando, wato na kayan da za a sake sarrafawa, zuwa bakin hanya duk bayan mako biyu, ra'ayina shi ne an ɗora nauyin a inda ya dace, kuma aikin ya ƙara sauƙi a cikin gida, sai dai dokar da ta kafa tsarin ta bar giɓi babba wanda bai kamata a kawar da kai daga gare shi ba.

Shirin shuɗin kwando, wanda ake kira Blue Box, ɗan asalin wannan lardi ne. A garin Kitchener aka fara gwada shi a 1981, aka game garin da shi a 1983, daga nan ya bazu zuwa sauran birane har ya tsallaka iyaka. Shekara da shekaru hukumomin birane ne ke ɗaukar nauyinsa da kuɗin jama'a, kafin wata doka ta 2002 ta wajabta wa kamfanoni biyan kusan rabin kuɗin ta hannun ƙungiyar Stewardship Ontario. Wannan rabon bai gamsar da kowa ba, domin kamfani ne ke zaɓar irin ledar da zai naɗe kayansa da ita, amma birni ne ke shan wahalar neman inda zai kai ta, kuma wahalar ta ninka a 2018 lokacin da ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga yawancin tarkacen roba da takarda da ake kai mata daga ƙetare. A watan Yunin 2021 gwamnatin lardin ta fitar da sabuwar ƙa'ida da ta ɗora wa kamfanoni kuɗin gaba ɗaya, aka kuma riƙa shigar da birane rukuni-rukuni daga 1 ga Yulin 2023, inda Toronto da Ottawa suka kasance cikin sahun farko. Lardin British Columbia ya riga kowa bin wannan hanya a Kanada tun 2014. Ƙungiyar Circular Materials, wadda manyan kamfanoni irin su Coca-Cola da Nestlé da PepsiCo da Loblaw suka haɗu suka kafa ba don neman riba ba, ita ce ke tafiyar da aikin kwashewar ta hanyar 'yan kwangila, yayin da RPRA, hukumar lardin mai kula da dokokin sake sarrafa shara, ke sa ido a madadin gwamnati.

Abin da ya fi burge ni, kuma wanda duk mai girki a gida zai fara lura da shi, shi ne jerin kayan da ake karɓa ya zama ɗaya a faɗin lardin. A da kowane birni da nasa jerin, ta yadda wanda ya ƙaura daga wannan gari zuwa maƙwabcinsa sai ya sake koyon abin da ke shiga kwando da abin da ba ya shiga, baƙon da ya zo ƙasar kwanan nan kuwa bai san ma ta inda zai fara ba. A da a Toronto baƙar robar da ake zubo shinkafa da kaza a cikinta daga gidajen sayar da abinci ba ta shiga shuɗin kwando, saboda na'urorin da ke tantance roba da haske ba sa iya gane ta a kan bel ɗin da ke jan kayan. Yanzu ana karɓarta, haka nan kofin shayi na takarda, da robar man goge baki, da mazubin askirim, da ledar kayan ƙwalama, da farin soson da ake tallafe kaya da shi a cikin kwali. A ɗakin girkinmu bambancin a bayyane yake: bayan an gama cin abinci sai a kankare ragowar miya, a ɗauraye robar har manjan ya saki, a kife ta ta tsane, sannan a jefa ta tare da gwangwanin tumatir da kwalin madara ba tare da an tsaya gardamar ina za ta ba. Da yake a Toronto kuɗin shara da gida ke biya ya danganta ne da girman kwandon sharar da za a kai juji, iyalin da ya kula da rarrabewa zai iya neman ƙaramin kwando ya rage abin da yake biya.

Duk da haka, ya kamata mai amfani da tsarin ya san cewa kwandon na mazubi ne da takarda, ba na duk abin da aka yi da roba ko ƙarfe ba. Tsohuwar tukunya da karyayyen abin wasan yara da littattafai ba sa cikin abin da dokar ta ɗora wa kamfanoni, batir kuma yana da nasa wuraren karɓa daban, domin yana iya tayar da gobara a cikin mota ko a wurin tantancewa.

Inda na fi jin takaici shi ne yadda dokar ta auna alhaki da wurin da aka zubar da mazubi, maimakon ta auna shi da wanda ya ƙera shi. Gidajen zama suna ciki, amma shaguna da ofisoshi da wuraren ibada da ƙungiyoyin agaji suna waje. Duk wanda ya taɓa tsayawa taya shara a masallaci bayan buɗe-baki a watan azumi ya san abin da ake tarawa kafin a tayar da sallar isha: gorunan ruwa cike da manyan ledoji, faranten dalma da aka kawo shinkafa, kwalayen dabino, kofuna jibge a kusurwa. Gorar ruwan nan ita ce dai wadda kamfani zai biya kuɗin kwashe ta da a gida aka shanye ta, amma da yake a masallaci aka sha, sai nauyin ya sauka daga kansa. Birnin Toronto ya ci gaba da kwashe wa irin waɗannan wurare da ke cikin tsarinsa, wasu garuruwan kuwa sun janye hannu sun ce kowa ya nemi ɗan kwangilarsa, abin da ke nufin ko dai a ciro kuɗin daga asusun sadaka, ko kuma kayan da za su sake sarrafuwa su wuce juji. Haka lamarin yake ga ƙananan shagunan da muke sayen gari da kubewa busasshiya da daddawa. Gaskiya ne an yafe wa mai cinikin da bai kai dala miliyan 2 a shekara ba biyan kuɗin tsarin, kuma wannan adalci ne, amma tulin kwalayen da ke bayan shagonsa babu wanda dokar ta ce ya ɗauke masa.

Batun kuɗi ma yana buƙatar a faɗe shi a fili. Lokacin da aka sanar da ƙa'idar a 2021, gwamnati ta ƙiyasta cewa hukumomin birane za su huta da kashe kimanin dala miliyan 156 a kowace shekara. Wannan sauƙi ne na gaske ga baitulmalin birni, amma kamfani ba ya biyan komai daga aljihunsa ba tare da ya mayar da shi cikin farashin kaya ba, don haka mai saye ne ke biya a wurin karɓar kuɗi ba tare da ya gani a rubuce ba. Ban ɗauki hakan a matsayin aibi ba, domin wanda ya fi sayen kayan da aka lulluɓe da leda shi ya fi cancanta ya biya, kuma amfanin tsarin gaba ɗaya shi ne kamfani ya ji zafin kuɗin har ya rage naɗe-naɗen da ba su da amfani. Sai dai wannan zafi ba ya samuwa sai an tsaya kai da fata a kan yawan abin da dole a tattaro a sake sarrafawa. A 2025, bayan kamfanoni sun koka da tsadar aikin, gwamnatin lardin ta sassauta wasu daga cikin sharuɗɗan, kuma a ganina wannan mataki ya rage wa dokar kaifi tun kafin ta fara aiki sosai.

Akwai kuma abin da ya shafi kai kuka. A da, shuɗin kwando aikin birni ne, mutum ya kira lambar hukumar birni ta 311 ko ya tuntuɓi kansilan da ya zaɓa, wanda ya san zai dawo neman ƙuri'a. Yanzu birni na kwashe sharar juji da ragowar abinci, shuɗin kwando kuma na hannun ɗan kwangilar kamfanoni da lambarsa daban, kuma babu zaɓaɓɓen wakilin da ke da iko kai tsaye a kansa. Ga dattijon da Turancinsa bai nuna ba, ko sabon baƙo, wannan rarrabuwa ƙarin ɗawainiya ce, shi ya sa nake ba maƙwabta shawara su rubuta lambobin biyu su manna a jikin firji.

Abu ɗaya da zai cike wani ɓangare na giɓin shi ne kuɗin ajiya a kan gorunan ruwa da lemo, wato ɗan ƙarin da mai saye ke biya a mayar masa idan ya dawo da gorar. Ontariyo na mayar da santi 10 ko 20 a kan kwalaben barasa, amma ba ta yin haka ga sauran abubuwan sha, alhali yawancin lardunan Kanada suna yi. Duk wanda ya ga yadda 'yan jari-bola ke bin lungunan Kano suna tsince duk abin da ke da daraja ya san cewa gorar da za a ba da kuɗi a kanta ba ta kwana a ƙasa. Da akwai irin wannan tsari a nan, da gorunan buɗe-baki sun zama kuɗin shiga ga masallaci, da kuma waɗanda ake sha a filin wasa da tashar jirgi sun sami mai ɗauka. Kafin a kai ga haka, kwamitocin masallatai da masu shaguna a wajen Toronto su tambayi hukumar garinsu ko har yanzu tana kwashe musu, idan kuwa ta daina, su haɗa kai da maƙwabtansu na layi ɗaya su ɗauki ɗan kwangila guda su raba kuɗin.