Gidan hutu mai ma'aikata a Legas: Lekki, Ilashe ko Ibeju, kuma wa zai riƙe tukunya?

Da zarar Sallah ta ƙarato, ko hutun ƙarshen shekara, sai 'yan'uwa daga Kano da Kaduna su fara turo mini hotuna ta WhatsApp: "Kai da kake Agege, duba mana gidan nan." Hotunan kusan iri ɗaya ne, wurin ninƙaya mai shuɗin ruwa, itatuwan kwakwa, gado da farin zane. Ban taɓa ganin wanda ya turo hoton kicin ba, alhali iyalin da za su kwana uku a gida ɗaya, da tsohuwa da ƙananan yara, a kan abinci da wuta da ruwa jin daɗinsu yake tsayawa.

Gidajen hayar da ake bayarwa haɗe da ma'aikata, wato kuku da mai shara da maigadi, kashi uku na sani a Legas.

Akwai na cikin gari, a Lekki Phase 1, Ikoyi da Victoria Island. Amfaninsu shi ne komai na kusa: asibiti, kantin magani, masallacin Juma'a, mai suya da daddare. In girkin kuku bai yi muku ba, waya ɗaya a kawo wani abincin. Sai dai ba a bakin teku kake ba, gida ne cikin katanga. Ka kuma tambayi maganar wuta dalla-dalla, domin tun da aka ƙara kuɗin lantarki na rukunin Band A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, a watan Afrilun 2024, wasu masu gidaje sun koma cewa baƙo ya sayi katin mita da kansa, ko su ƙayyade awannin da janareto zai yi aiki. Ruwan famfo a sassan Lekki da dama yakan zo da launin ruwan ɗorawa saboda sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasar wurin. In gidan ba shi da na'urar tace ruwa, farar shaddarka za ta gaya maka tun wankin farko.

Sai gidajen tsallaken ruwa, irin na Ilashe da Ibeshe. Mota ba ta zuwa, jirgin ruwa ake shiga daga Ikoyi ko Victoria Island, tafiyar wajen rabin sa'a gwargwadon ƙarfin injin. Nan ne hutu na gaske yake. Gabanka Tekun Atlantika, bayanka rafi mai kwanciyar ruwa, ba hon ɗin danfo, ba hayaƙi. Bayan sallar asuba in ka fito da ƙafa ba takalmi, yashin yana da sanyi har cikin ƙashi, ga masunta suna jan koma daga nesa. Amma duk abin da ka manta a gida ka manta shi ke nan. Babu shagon da za ka aiki yaro ya sayo magi ko madarar jariri, kuma hukuma ta hana jiragen fasinja tafiyar dare, don haka in wani ya kwanta rashin lafiya bayan magariba, fitar da shi aiki ne babba. Mai tsoho mai hawan jini ko mace mai tsohon ciki, ban ba shi shawarar kwana a can ba, ya je da safe ya dawo da la'asar. Ka tabbatar kowa ya sa rigar kariya a jirgi, har da ta yara daidai jikinsu. Tekun kuwa na kallo ne, igiyarsa tana jan mutum ciki da ƙarfi ko da ya iya ruwa.

Na ukun su ne na Ibeju-Lekki, daga Eleko zuwa gaba. Ana zuwa da mota, ga teku, kuma sau da yawa sun fi sauƙin kuɗi. Matsalarsu hanyar Lekki zuwa Epe, wadda manyan motocin matatar Ɗangote da na tashar jiragen ruwa ta Lekki suke bi. A fita da sassafe kawai.

Yanzu ga batun da ya fi damuna, wato abinci. Wasu gidajen kuɗin abinci yana cikin kuɗin haya, sau uku a rana. Wasu kuma kuku kawai za a ba ka, cefane naka ne. Akwai kuma waɗanda za su bar muku kicin ku yi abinku.

Tsarin da komai ke ciki yana da daɗin ji, amma ga Bahaushe shi ya fi kawo ƙorafi. Ba ka san inda naman ya fito ba, ba ka san ko an zuba giya a miyar da aka ce ta Turawa ce ba, ko kaskon da aka soya maka ƙwai shi aka soya wa baƙon jiya naman alade. Da yawa daga cikin kukun manyan gidajen Legas 'yan Kwatano ne ko Togo, gwanaye ne ƙwarai a jalof, gasasshen kifi, jatan lande da miyar ganye ta Yarabawa da ake kira efo, amma tuwon shinkafa da miyar kuka ba fanninsu ba ne. Mun taɓa kwana a wani gida mai irin wannan tsari. Da aka jera abincin rana, mahaifiyata ta buɗe kula ta daɗe tana kallon naman, sannan ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, wa ya yanka?" Na ce, "Wallahi Hajiya ban sani ba, bari in tambaya." Kukun ma bai sani ba, daga babban kanti aka kawo a daskare. Kwana biyu shayi da burodi ta yi ta sha, sai ɗan dambun naman da ta zo da shi a jaka. Har yau abin yana yi mini ciwo, don dominta aka shirya tafiyar.

Barin girki a hannun iyali kuma yana nufin matan gida sun canja kicin ne kawai. Wadda ta yi azumi tana tsaye a bakin murhu wata guda, bai kamata a kai ta bakin teku ta ci gaba da yankan albasa ba.

Saboda haka ni na tsakiyar nake zaɓa: kuku nasu, cefane nawa. Nama daga mayankar Oko-Oba a Agege, wurin mahaucin da na sani, a sa shi cikin kula da ƙanƙara. Tumatir, attaruhu da albasa daga kasuwar Mile 12, inda kayan Arewa ke sauka. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man shanu, yaji da garin kunu daga gida. Kifi ne kaɗai ba na ɗauka, domin a bakin teku masunta na kawo ɗanye da safe, in kuwa Ibeju ne, kasuwar kifi ta Epe ba ta da nisa sosai. Ranar farko uwargida ta tsaya da kukun minti kaɗan ta nuna masa yadda ake kaɗa kuka kada ta yi gudaji, da yawan barkonon da yara ke iya ci. Kukun da muka samu a zuwanmu na biyu, ran nan da daddare ya tuƙa tuwon da Hajiya ta ce a ƙaro mata. A rubuta masa jerin abincin kowace rana tun kafin a iso, yana sauƙaƙa masa aiki kuma yana hana ɓarna.

Akwai maganar sutura da ba kasafai masu gidaje ke tunawa ba. Ma'aikatan galibi maza ne, kuma sun saba shiga falo kai tsaye. Ka gaya wa manaja tun a waya cewa akwai iyali, a yi sallama ko a ƙwanƙwasa kafin a shigo, mace ce za ta gyara ɗakunan mata in akwai, kuma a ware lokacin da ba namiji a wajen wurin ninƙaya. Ka tambaya ko gidan naku ne ku kaɗai, domin wasu harabar ɗaya ce da masu biki da kiɗa har asuba, musamman ranar Asabar da duk watan Disamba, lokacin da kuɗin haya ma yake tashi. A cire kwalaben giya daga firji kafin ku iso. Ku tafi da buta da darduma. Alƙibla daga Legas gabas ce maso arewa. Maganin sauro ma kada a bari a baya.

Kafin ka tura ko kwabo, a nuna maka gidan ta kiran bidiyo, a kunna famfo da na'urar sanyaya ɗaki kana gani, don ana damfara da hotunan gidajen mutane. A rubuta maka ko kuɗin jirgi da na dizal da na gas suna ciki, da nawa ne kuɗin ajiyar da ake riƙewa saboda ɓarna, da ranar da za a mayar maka. In kana da zaɓin lokaci, kauce wa Yuni da Yuli, ruwan sama yakan wuni yana zuba. Ranar tafiya kuma, alherin da za ka yi wa ma'aikata ka danƙa wa kowa a hannunsa, ragowar cefane ka bar wa kuku da maigadi su raba.