Marubuciyar da ta haɗa mana rahoton shekara

Ƙungiyarmu ƙarama ce, muna koya wa matasa sana'ar rini a Kano. Aiki muna yin sa, amma ba da labarinsa ga masu tallafi shi ne ya gagare mu. Shi ya sa bana muka ɗauki wata marubuciya mai zaman kanta, wadda ta saba rubutu kan tafiye-tafiye da al'adu.

Abin da ya fara burge ni, ta ƙi yarda a yi aikin ta waya. Da ƙafarta ta zo marinar Ƙofar Mata, ta tsuguna bakin karofi tun hantsi har azahar, tana kallon yadda ake tsoma zane a ruwan baba, a ɗaga ya sha iska, kore ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ta ce wa wani dattijo, "Baba, toka fa, me take yi a ciki?" Amsar da ya bayar, da kalmominsa ta rubuta ta. Shekarar 1498 kuwa, ta rubuta cewa ita ake dangantawa da kafuwar marinar, ba ta ƙara gishiri ba.

Abin da ya fi kwanta mini a rai, ba ta mayar da yaranmu abin tausayi ba. Masu sana'a ta nuna su, kuma sai da ta nemi izinin kowa kafin ta ɗauki hotonsa.

Inda ta gaza: ta makara da mako guda, kuma kwafin Hausar ya zo da warin Turanci, sai da muka zauna muka gyara. Baɗi ma ita za mu kira in Allah ya kai mu, amma ranar miƙa aiki a rubuce za mu sa ta.