Na'urar Hana Haushi ko Horon Kare?

Wanda haushin kare ya taɓa raba shi da barci da ƙarfe biyun dare ya san zafin abin.

Masu gaggawa na'ura suke saya. Akwai wadda ake rataya a katanga, da kare ya yi haushi sai ta saki ƙara mai kaifi sama da kilohaz 20, wadda kunnen mutum ba ya kamawa amma kare na ji sarai. Akwai kuma abin wuya mai fesa ruwa mai kaifin wari, da mai jan lantarki, wanda tun 2010 aka haramta a yankin Wales na Birtaniya. Aiki nan take, sai dai wasu karnukan kan saba, su koma gidan jiya.

Horo kuwa sai mai haƙuri. Ka fara gano dalili: yunwa ce, kaɗaici, ko ɗaurin wuni guda cikin rana? Ka zagaya da shi da yamma ya gaji. Ka toshe kafar ƙofar da yake leƙen masu wucewa. Da ya yi shiru, miƙa masa ɗan nama kafin ya manta.

Ni dai nan na karkata, musamman ga karen gadi. In na'ura ta rufe masa baki, ranar da ɓarawo ya tsallako katanga wa zai tashe ka?