Farantin daɓe iri uku da na gwada a kan tsohuwar Peugeot 504 a Birnin Kebbi

Motar da zan yi magana a kanta Peugeot 504 ce ƙirar salun, haɗin masana'antar PAN, wato kamfanin haɗa motocin Peugeot na Najeriya, da ke Kakuri a Kaduna, wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saya a farkon shekarun 1980, tun Birnin Kebbi tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Ta daɗe a ajiye a gindin darbejiya a ƙofar gidanmu, kuma da na ƙudura tayar da ita, duk tunanina yana kan inji da giya. Sai ranar da fanal bita ya yaye kafet ɗin gaba, ya sa sukundireba ya danna ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafar direba, ta shige kamar an soka tsinke a tuwo, sannan na gane inda ainihin aikin yake. Ta wajen kujerar mai zaman banza kuwa ba a ma bukaci dannawa ba, domin ana hango yashin ƙasa ta wata kafa mai faɗin tafin hannu.

Wanda bai san ƙirar wannan mota ba zai iya ɗauka daɓe wurin ajiye ƙafa ne kawai, a liƙa kowane kwano a rufe da kafet. Ba haka abin yake ba. Salun ɗin 504 ba ta da wani keɓaɓɓen shasi da aka ɗora bodi a kansa, bodin ne da kansa yake ɗauke da nauyi, daɓen kuma shi ne ya ɗaure gefen dama da na hagu, ya haɗa su da tudun tsakiya da sandar da ke kai ƙarfin inji tayoyin baya take bi ta ƙarƙashinsa. A jikinsa ake ɗaure kujeru. Idan ya yi rauni, ƙofofi su ne suke fara kai ƙara: sai an ɗaga su kafin su rufu, mota kuma ta riƙa kuka a kan gargada. Shi ya sa na ɗauki zaɓen faranti da muhimmanci fiye da zaɓen fenti, kuma kafin aikin ya kammala sai da faranti iri uku suka bi ta hannunmu.

Na farko sabo ne dal, bugun inji, wanda wani dillalin kayan gyara ya aiko mini daga Legas bayan ya turo hotonsa ta WhatsApp. A hoto ba shi da makusa, baƙi wuluk yana ƙyalli, kuma kuɗinsa bai kai rabin na wani da aka yi mini tayi daga waje ba. Arhar ce ta ja ni. Da ya iso gareji, dattijon da ke yi mini aikin ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya girgiza shi, farantin ya yi ta kaɗawa yana amo, sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, wanga ba ƙarfen mota na ba, kwanon ɗaki na." Na so in musa, amma ma'aunin kauri ya raba gardama. Mun kankare fentin a gefe ɗaya muka auna, ya ba mu milimita 0.7, alhali guntun ƙarfen asali da tsatsa ba ta ci ba, wanda muka yanko daga kusa da tudun tsakiya, ya ba mu kusan milimita 1.

A nan ya kamata mai saye ya riƙe wani lissafi, domin 'yan kasuwa da shi suke rikita mutane. A ma'aunin geji da ake sayar da ƙarfe da shi, lamba tana hawa ne kauri yana sauka. Geji 16 kusan milimita 1.5 ne, geji 18 kusan 1.2, geji 20 kusan 0.9, geji 22 kuwa kusan 0.75. Don haka wanda ya ce maka nasa geji 22 ne yana yi maka alfahari da girman lamba, siririn ya ba ka. Abin da ake nema shi ne kaurin da ya yi daidai da na asali ko ya ɗara shi kaɗan, kuma ba a wuce gona da iri, saboda faranti mai kaurin gaske ba ya lanƙwasuwa ya bi jikin mota, sannan wutar da za ta narkar da shi za ta huda tsohon ƙarfen da ake so a haɗa shi da shi.

Rashin kauri ma ba shi ne babban aibin wannan faranti ba. Duk wanda ya leƙa daɓen mota zai ga wasu tuddai da kwaruruka da aka buga a jikin ƙarfen, kuma ba don ado aka yi su ba, su ne suke ba siririn ƙarfe ƙarfi, kamar yadda kwanon rufi yake tsayawa saboda lanƙwasarsa alhali shimfiɗaɗɗen falle irin kaurinsa lanƙwashewa yake yi. A farantin da aka aiko mini, kwarurukan suna nan amma ba su da zurfi, gefunansu sun shafe, alamar cewa ma'aunin zubin da aka buga shi a ciki ya gaji, ko kuma an kwaikwayo shi ne daga wani kwaikwayon. Da muka ajiye shi a ƙasa na taka tsakiyarsa, sai ya lotsa ya dawo da ƙara kamar murfin gwangwani. Da muka gwada shi a cikin motar, leɓensa na gefen ƙofa ya bar tazarar da yatsa yake shiga, ramin zubar ruwa bai faɗa inda na asali yake ba, wurin ɗaure kujera kuma ko kaɗan ba a ƙara masa ƙarfen tallafi ba. Baƙin fentin da ya burge ni ma, da aka jiƙa tsumma da tina, ruwan tsinka fenti, aka goga, sai ya biyo tsumman. Fentin kariya na ƙwarai da ake yi wa faranti a masana'anta ba ya fita da tina, wanda ya fita kuwa na rufe ido ne a lokacin jigila, dole a kankare shi gaba ɗaya kafin a shafa wani abu a kai. Na nemi a karɓa a mayar mini da kuɗina, aka yi ta kwana-kwana har na haƙura, yanzu haka farantin yana jingine a garejin ana tare iska da shi idan ana walda.

Na biyu yanka ne daga gawar wata 504, kuma a ra'ayina shi ne ya fi kowanne dacewa idan aka yi sa'a. Masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa wannan mota har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, saboda haka gawarwakinta ba su ƙare ba a wuraren 'yan gwangwan da kasuwanni irin Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Amfaninsa a fili yake: ƙarfen masana'anta ne, kwarurukansa da ramukansa da wurin kujera duk suna inda ya kamata. Na gaban dama da muka samu ya zauna a gurbinsa kamar daga nan aka ciro shi. Amma akwai abubuwa biyu da za a kula da su. Na ɗaya, 504 ba iri ɗaya ba ce: tsakanin tayar gaba da ta baya a salun mita 2.74 ne, a wagon mita 2.90, don haka farantin baya na wannan ba lalle ya hau waccan ba, akori-kura kuwa ƙirarta daban ce. Haka nan Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocin Kaduna sitiyarinsu a hagu yake, ba kamar waɗanda aka haɗa a Kenya ba, sai a lura da wajen fedoji idan faranti ya fito daga wata ƙasa. Na biyu, ruwan da ya ci daɓenka shi ya ci na gawar. Faranti huɗu muka duba kafin muka zaɓi ɗaya, ukun an lulluɓe su da kwalta ta ƙasa, ana ƙwanƙwasa su da guduma sai ɓawon tsatsa ya riƙa zuba. Idan gawar 'yar Kwatano ce da ta yi zama a Turai, a ƙara bincike, domin gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe ta ƙasa.

Gefen direba ne muka rasa mai lafiya, kuma da dalili. Ban da ruwan sama da ke bi ta tsohuwar robar gilashi ya kwanta a ƙarƙashin kafet, da ƙurar hunturu da ke toshe ramukan zubar ruwa ta zama laka da damina, da masu wankin mota da ke kwarara bokiti a ciki, wannan gefen yana shan man birki da ke ɗiga daga wajen feda, shi kuwa man birki fenti yake ci ya bar ƙarfe tsirara. Tamu motar ta ƙara da ɗaukar buhunan takin zamani zuwa fadama shekara da shekaru, kuma duk manomin shinkafa ya san abin da taki yake yi wa ƙarfe.

Don haka na uku ƙirar hannu ne, dattijon ya yi shi daga fallen ƙarfe geji 18. Na tsaya na ga yadda ya yi: ya zana gurbin a kan kwali, ya yanka falle da rarar yatsa biyu a kowane gefe, ya ɗora shi a kan wani guntun ƙarfe mai kwari, ya riƙa bin layin alli da guduma da gajeren rodi har kwaruruka biyar suka fito. Kwana biyu ya yi a kan faranti ɗaya, yana sawa yana cirewa. Ba zan ce ya yi kyan bugun inji ba, sawun guduma yana nan ga mai shafawa, kuma wanda yake so motarsa ta koma tamkar yadda ta fito daga Kakuri zai ga bambanci idan ya leƙa ta ƙasa. Amma na hau kansa da duk nauyina bai motsa ba. Wani ya ba mu shawarar fallen galbanaiz don ba ya tsatsa da wuri, dattijon ya ƙi, kuma yana da gaskiya, domin idan wuta ta taɓa rufin zinkin da ke jikinsa farin hayaƙi yake fitarwa mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, waldar ma ba ta kamawa da kyau sai an goge rufin a bakin haɗi.

Game da aikin garejin kansa, yabona ya fi sukana yawa. Kafin a yanka komai sun cire kujeru da wayoyi, sun janye bututun fetur da na birki da ke bi ta ƙarƙashi, sun tokare bakin ƙofofi da ƙarfe don kada bodi ya karkace, kuma gefe ɗaya suka gama kafin su taɓa ɗayan. Tsofaffin ɗigon walda na masana'anta huda su suka yi ɗaya bayan ɗaya maimakon su yage su da kurfi. Inda muka saɓa shi ne haɗi. Yaran garejin sun saba ɗora sabon faranti a kan tsoho su zagaye shi da wutar kabait, saboda ya fi sauri, amma tsakanin ƙarfe biyun nan ruwa yake samun maɓoya, zafin wutar kabait ɗin kuma yana murɗe falle. Na dage a haɗa baki da baki a tsakiyar daɓe, a bar ɗori sai a leɓen da masana'anta ta ɗora tun asali, kuma a nemo injin walda mai waya da iskar gas. Sai da muka yi hayar injin da janareta, abin da ya ƙara kuɗi da kwanaki, aka riƙa ɗiga walda nan da can ana barin ƙarfe ya huce. A gefen dama, inda wani yaro ya yi gaggawa kafin in iso, akwai ɗan kumburi da har yanzu nake ji a ƙarƙashin kafet.

Shafe-shafen ƙarshe ma sai da na sa ido, domin al'adar wurin ita ce a watsa baƙin mai ta ƙasa a ce an kare tsatsa. Mun goge walda, mun shafa fentin share fage ciki da waje, mun toshe bakin haɗi da abin liƙe kafa, sannan aka fesa rufin ƙasa, aka bar ramukan zubar ruwa a buɗe da robobinsu. Robar gilashin gaba da ta ƙofofi huɗu duk sababbi aka sa, in ba haka ba damina biyu ta isa a koma gidan jiya.

Idan za a tambaye ni yadda na jera su, yankan gawa mai lafiya ne a gaba, ƙirar hannun gwani na biye, sabon nan mai arha kuma ba na ba kowa shawarar sa. Sabon bugun inji mai kyau yana nan, na ga irinsa a hannun wani mai gyaran Volkswagen kunkuru, mai nauyi da kwaruruka masu kaifi, sai dai ba zan sake biyan kuɗi a kan hoto ba sai an faɗa mini kauri da milimita, an kuma amince in gwada shi a gurbinsa in mayar idan bai zauna ba. Motar ta ci damina ɗaya yanzu, na je Argungu da Jega da ita sau da yawa, kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi nakan ɗaga kafet in shafa. Gefen direba a bushe nake samunsa, na dama kuwa akwai danshi kaɗan a kusurwar gaba, wanda muka gano daga magudanar da ke gindin gilashi yake zuwa, kuma ita ce aikin da za mu shiga bayan sallah.