Injin Newcomen a Gidan Tarihin Black Country: Abin da Ya Cancanci a Je a Gani

Gidan tarihin Black Country Living Museum yana garin Dudley, yamma da Birmingham a Ingila. An buɗe shi a 1978, fili ne mai faɗi da aka kwaso tsofaffin gidaje, shaguna da maƙeru aka sake gina su a ciki. Duk mai son ya fahimci yadda masana'antu suka faro a Birtaniya, ya fara da ɗakin injin Newcomen kafin komai.

Injin da ke wurin kwafi ne da aka kammala a 1986, na wanda Thomas Newcomen ya kafa kusa da fadar Dudley a 1712. Aikinsa ɗaya ne: jan ruwa daga ramin kwal. Yankin yana da kwal mai kaurin kusan ƙafa 30, amma da zarar rami ya yi zurfi sai ruwa ya cika shi, dawakan da ke juya guga kuma su gaza.

Ga yadda yake aiki. Ana tafasa ruwa a tukunya, tururi ya shiga silinda mai faɗin inci 21. Sai a fesa ruwan sanyi a ciki, tururin ya koma ruwa, cikin silinda ya zama fanko. Nauyin iskar waje ne ke danna fistin, wato faifan da ke hawa da sauka a cikin silinda, ƙasa, ba ƙarfin tururi ba, kuma nan ne masu kallo da yawa ke kuskuren fahimta. Fistin yana jan gefe ɗaya na wani ƙaton gungume, ɗaya gefen ya ɗago sandar famfo. Na asalin yana bugawa sau 12 a minti, kowane bugu ya ɗago galan 10 na ruwa.

Matsalolinsa a bayyane suke ga mai lura. Maƙeran lokacin ba su iya huda silinda daidai ba, don haka ana toshe gefen fistin da fata, a zuba ruwa a kansa. Iska kuma tana taruwa a ciki har injin ya tsaya, shi ya sa aka yi masa ƙaramin bawul na fitar da ita. Babbar illar ita ce cin kwal: kowane bugu sai silinda ta huce, a sake ɗumama ta. A bakin ramin kwal wannan ba damuwa ba ne, domin ɓarɓashin da ba mai saye ake ƙonawa. A mahaƙar kuza ta Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila kuwa, inda kwal ke da tsada, asara ce babba. Wannan ne James Watt ya gyara da keɓantaccen wurin sanyaya tururi, wanda ya yi wa rajista a 1769.

Abin yabo shi ne gidan ya haɗa injin da ramin kwal na ƙarƙashin ƙasa da ake zagayawa da baƙi, sai mutum ya ga buƙatar da ta haifi injin da idonsa. Amma ba kullum ake hura masa wuta ba, don haka a binciki ranar kafin a sayi tikiti. Ganinsa a tsaye bai kai rabin ganinsa yana motsi ba. Wanda kuma yake neman labarin auduga da saƙa, Manchester ce wurinsa, domin wannan yanki na kwal ne da ƙarfe.