Darasin tare 'yan shotgan: ya fisshe mu kafin hutu, ya bar mu a rana bayan an dawo

Wannan darasin bidiyon da ake ta turowa a zaurenmu na iyaye a WhatsApp, na wani tsohon kocin sakandare da ke koyar da yadda ake tare masu baza 'yan wasa a fili a wasan zari-ruga ta Amurka, na saya tun watan Yuli.  Ɗana ne ya kai ni. Yana buga zari-ruga ta Amurka a ƙungiyar 'yan shekara 13 zuwa 14 a nan Ohayo, babban kocinsu kuma ya roƙe ni in riƙe masa ɓangaren tsaro. Bara akwai wata ƙungiya da ta wahalar da yaranmu har wasu suka fita fili suna kuka, ni kuwa na ƙudurta ba za a maimaita ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili ya san ciwon. Kwatabak, wato mai jagorantar hari da jefa ƙwallo, ya ja baya kamar yadi 5 daga mai miƙo masa ƙwallo (tsayuwar da ake kira shotgan ke nan), masu cafka huɗu sun baje har bakin layi, sai filin ya yi maka faɗi. Ka tura yara su bi su, tsakiya ta zama kango. Ka cika tsakiya, su jefa gefe. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne dabarar nan da koci Rich Rodriguez ya yi suna da ita, wadda kwatabak ɗinsa Pat White ya riƙa gudu da ita a jami'ar West Bajiniya: kwatabak ya ɗora ƙwallo a cikin mai gudu, idonsa na kan mai tsaron ƙarshen layi da aka bari da gangan ba a tare ba. Idan ya bi mai gudun, kwatabak ya zare ƙwallonsa ya ruga. Idan ya tsaya, ya sakar wa mai gudun. Duk wanda yaro ya zaɓa, ya yi kuskure. Da irin wannan tsari koci Urban Meyer da kwatabak Tim Tebow suka ci wa jami'ar Fulorida kofin jami'o'i na kakar 2008, yau ga shi ya gangaro har wurin yaran da ko gemu ba su fara ba.

Gaskiya bidiyo na uku shi kaɗai ya burge ni ƙwarai. Mutumin ya ɗora tsarinsa ne kan jerin 4-2-5 da aka san koci Gary Patterson da shi a jami'ar TCU, wato huɗu a layi, lainbaka (masu tsaron da ke bayan layin gaba) biyu, biyar a baya. Amma maganin da ya bayar shi ne musaya. Mai tsaron ƙarshen layi kada ya yi wani tunani, ya faɗa kan mai gudu kawai. Kwatabak zai ga haka ya zare ƙwallo yana murna, alhali lainbakan da ke baya ya riga ya zagayo yana jiransa a gefe. Mako uku muka yi muna maimaita wannan abu ɗaya har yaran suka gaji da muryata.

Ranar wasan, wata Asabar da safe, ana ɗan sanyi. A karonsu na biyu da ƙwallo kwatabak ɗinsu, dogon yaro mai gudun tsiya, ya duba, ya ga yaronmu ya bi mai gudu, ya zare. Bai yi taku uku ba ɗana ya same shi, suka zube tare a bayan layi. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta cika min ido. Da suka sake gwadawa ƙwallon ma ya suɓuce masa, muka ɗauka. Yaron da bara ya riƙa wuce mu kamar iska, ga shi yana waiwayen kocinsa yana ɗaga hannu. Aka tafi hutu ba su ci ko maki ɗaya ba. A nan bakin fili na ce wa iyaye biyu su je su saya, har na tura musu adireshin.

Na yi gaggawar yabo. Kocinsu ba yaro ba ne, da aka dawo sai ya daina tara yaransa su yi shawara kafin kowane karo. Ana busa usur sun jeru, ƙwallo ya fito. Tsarin ishara da darasin ya koyar kuwa alama uku ce da hannu, sannan yaro ya duba katin da ke ɗaure a damtsensa ya sanar da sauran. Ina kan alama ta biyu an riga an miƙa ƙwallo. Sai kuma suka gane inda lainbakanmu ke barin gurbi. Da ya zagaya gefe sai mai gudu ya karya ya shige ta wurin da ya bari. Da na jawo mai tsaron baya ya toshe, sai su yi gajeriyar jifa ga mai cafka na ciki, abokansa biyu su share masa hanya. Yara goma sha ɗaya suna kallona suna jiran magana, ni kuma ba ni da abin faɗa. Aka ci mu.

Da daddare na buɗe kwamfuta ina neman inda ya yi bayanin masu sauri, da kuma wasan da kwatabak ke zaɓar miƙawa ko jefawa bayan an riga an fara. Ashe sashen a kulle yake. Wai mataki na biyu ne, sai an ƙara kuɗi. Tallar kuwa cewa ta yi cikakken tsari. Wannan ne ya fi ƙona min rai, don duk mai wannan sana'a ya san wanda ka yi wa musaya zai mayar da martani, kuma ya san irin martanin. Tun zamanin koci Chip Kelly a jami'ar Oregon sauri da bazuwa tare suke tafiya, ba sabon abu ba ne da za a ce an manta. Ya sayar min da rabin magani ya riƙe rabin. Na aika saƙon imel sau biyu, amsar na'ura kawai nake samu mai cewa an gode.

Da na sake kallon sauran da idon wanda aka cuta, sai wasu abubuwan ma suka fito. Duk misalan da manyan ɗaliban sakandare aka ɗauka. Ana so mai tsaron baya ya karanci mai cafka na biyu daga bakin layi, ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido ko zai bi shi ko zai sauko tare gudu. Yaro ɗan shekara 13 da ke atisaye sau biyu a mako bayan ya taso daga makaranta ba zai iya ba, kuma babu inda aka faɗi haka. Bidiyo biyu ma iska ce ke kaɗa makirufo, da ƙyar ake jin magana.

Yanzu na yar da katin damtse. Kira biyu na bari, kalma ɗaya ɗaya, kuma da Hausa na sa su don kada ɗaya ɓangaren su gane: idan na ce wuta a yi musaya, idan na ce ruwa kowa ya tsaya a gurbinsa. Ɗana ne ya koya wa abokansa furucin. Iyayen nan biyu na kira su na ce su dakata, ɗaya ya riga ya biya, har yanzu ina jin nauyinsa. Mataki na biyun ban saya ba, kuma ba zan saya ba sai mutumin ya amsa saƙona da bakinsa.