Na'urar ELM327 a motocin Yamai: abin da take iyawa da inda ta gaza

ELM327 na'ura ce kamar kwalin ashana mai karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota, kuɗinta bai kai na cika tanki ba. Ana soka ta a kafar OBD2 mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a murza makulli ba tare da an tada injin ba, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja irin Torque. Motar esans da aka ƙera wa Turai daga 2001, ko mai gazuwal daga 2004, za ta karɓe ta.

Amfaninta yana kan fitilar injin, ruwan ɗorawar nan. In fitilar ta kama, lambar da na'urar take nunawa tana faɗin inda ciwon yake ne kawai, ba ta ce a sayi kaya ba, kuma a nan kuɗin mutane ke zubewa. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. Da ƙurar hunturun Yamai, sau da yawa na'urar auna iska ce ta yi datti, ko tiyo ya tsage. A duba waɗannan kafin a yarda da maganar canza famfon mai. P0302 kuwa silinda ta 2 ce ba ta cin wuta daidai. A musanya kwayil ɗinta, wato abin da ke ba filogi wuta, da na ta 3, a goge lambar, a ɗan yi tafiya. In ta koma P0303, kwayil ɗaya za a nema a kasuwar Katako, ba huɗu ba.

Makanike nagari ba ya jin haushin na'urar. Wanda ya goge lamba ya ce ya gyara, fitilar za ta dawo bayan kwana kaɗan. Mai sayen tsohuwar mota ya lura ko fitilar tana kamawa da an murza makulli, don akwai masu cire ƙwanta.

Inda ta gaza: mai arahar galibi ba ta karanta ABS (tsarin hana taya ƙagewa in an taka birki) ko jakar iska, wasu jabun ma ba sa haɗuwa da motar sam. Jar fitilar man injin ko ta zafi ba ta jiran wata na'ura, a kashe injin nan take. In fitilar injin tana ƙyaftawa, ɗanyen mai na ƙona katalizar (matatar hayaƙin salansa), a tsaya. A zare na'urar in mota za ta daɗe a ajiye, tana shan batir.